Kifin Ido da Kifin Hanci: Zaɓen Kayan Fatsa a Ƙarshen Bazara a Ƙasar Kazaure

Idan watan Afrilu ya raba tsakiya, ruwan madatsun Kazaure yakan ja da baya har a ga tsohon bakinsa a jikin duwatsu, fari tas kamar an shata da alli. Zafi yakan haura digiri 40, masu noman rani suna bin ruwan da injinansu suna ƙara tsawon tiyo, shanu kuma suna ratsa taɓo mai nisa kafin su kai ga abin sha. A wannan yanki rana da iska kaɗai suna ɗauke abin da ya kusa mita 2 na zurfin buɗaɗɗen ruwa a shekara, kuma kaso mai tsoka na wannan asara a watannin bazara yake faruwa. Ruwan da ya bazu a kaka ya tattaru yanzu a cikin kwari, kifin da ke cikinsa ma ya tattaru tare da shi. Shi ya sa mai sha'awar fatsa yake ganin lokacinsa ya zo. Sai dai kafin ya bar gida akwai tambayar da za ta yanke masa hukuncin yininsa, ta kuma yanke na aljihunsa: me zai ɗaura a bakin zaren?

Ƙasar Kazaure ba ƙasar manyan koguna ba ce irin Yawuri ko Argungu ko Haɗeja. Yawancin ruwan da ke kwana a cikinta shekara guda ɗan'adam ne ya tare shi. A shekarun 1970, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kano, aka shiga aikin gina madatsun ruwa wanda gwamna Audu Bako ya ɗauko, kuma Kazaure ta samu rabonta da dam ɗin Ibrahim Adamu da na Muhammadu Ayuba. Daga kudu, a ɓangaren da ya saura a Kano bayan an ƙirƙiri Jigawa a 1991, akwai dam ɗin Gari da na Tomas. Yanayin ƙasar ma kashi biyu ne. Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasar tuddai ce da duwatsu, inda ruwa yake samun kwari mai ƙashin dutse ya zauna. Da an nufi Babura kuwa sai ƙasa ta kwanta, rairayi ya yi yawa, ruwa ya koma na tafki da fadama da kududdufi, marar zurfi, mai taɓo, mai saurin ƙafewa. Wanda ya haɗa kaya iri ɗaya don wuraren nan biyu, ɗaya daga cikinsu zai ba shi kunya.

A 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo cikin wannan lissafi, kuma ta wayar hannu ya shigo. Matashin da ke kallon bidiyon masu fatsa na ƙasashen waje yana ganin akwatuna cike da kifayen roba masu launi, da cokulan ƙarfe masu walƙiya, da tsutsotsin roba masu rawa, da sanduna masu faifan naɗe zare. Irin waɗannan kaya suna isowa kasuwannin Kano, wasu kuma a saye su ta intanet. Suna da kyan gani, babu musu. Abin da bidiyon ba ya faɗi shi ne wane kifi aka ƙera su dominsa, kuma a wane irin ruwa.

Da yawa daga cikinsu an yi su ne don wani kifi na arewacin Amurka da Kanada wanda ake kira wolai. Mafarauci ne mai cin ƙananan kifaye, kuma sunansa daga idonsa ya samo asali: a bayan ƙwayar idon akwai wani shafi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Da wannan ido yake ganin abin farautarsa da asuba da almuru da cikin ruwan da iska ta kaɗa, lokacin da su ƙananan kifayen ba sa ganinsa. Yana zuba ƙwai a kan tsakuwa jim kaɗan bayan ƙanƙarar da ta rufe tafkuna ta narke, ruwan yana tsakanin digiri 6 zuwa 10. A jihar Minesota, wadda ta ɗauke shi a matsayin kifinta na alama, ranar da ake buɗe kamunsa a watan Mayu kusan ranar biki ce. Saboda ruwan yana da sanyi a lokacin, kifin ba ya son gudu, don haka masu fatsar can sukan zaɓi ƙugiya mai ɗan kan darma, su maƙala mata ƙaramin kifi ko roba mai laushi, su riƙa ɗaga ta suna sakinta a hankali kusa da ƙasa. Duk gardamar da suke yi a kan launi, ko ruwan ɗorawa ko kore ko fari, gardama ce a kan abin da ido ke iya gani.

Asalin kifin ƙarya na zamani ma haka yake. A 1936 wani talakan masunci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya lura cewa manyan kifaye sukan ware wanda ke tangaɗi a cikin garken ƙanana su afka masa. Sai ya sassaƙa ɓawon itace, ya naɗe shi da takardar ƙyalli, ya yi ta gyara har ya riƙa tangaɗi a ruwa kamar mai rauni. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan har yau. Dabara ce ta mutumin da ya zauna ya kalli kifin ruwansu da kyau, kuma ruwan nasu garau yake, mai sanyi.

To a nan ne lissafin yake juyewa. Watannin da ruwan Minesota yake farfaɗowa daga ƙanƙara yana ƙaruwa, su ne watannin da ruwan Kazaure yake dahuwa yana raguwa. Ƙasan ruwa ya cika da laka, kofaton shanu yana dama gefe, zafi da takin da ruwa ya kwaso daga gonaki suna sa gansakuka ta yaɗu har ruwan ya yi kore. Akwai gwaji mai sauƙi wanda ba ya cin ko sisi: mutum ya tsoma hannu a tsaye ya ga inda yatsunsa za su ɓace masa. Idan sun ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, to kifin ma ba zai ga roba mai launi daga nesa ba, kuma mai jefa ta yana kaɗa wa kurma ganga ne.

Babban kifin wannan ruwa kuwa dama ba da ido yake neman abinci ba. Tarwaɗa idonta ƙarami ne, amma tana da gashin baki guda 8, kuma da su da fatar jikinta take ɗanɗanar ruwa. Tana bin wari kamar yadda kare ke bin sawu, ta fi kai-komo da dare, ta fi son ƙasa. Tana da kuma wata baiwar da ta sa bazara ba ta kayar da ita. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: wanda ke digiri 20 yana ɗaukar kimanin miligiram 9 a kowace lita, wanda ya kai digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, kuma ruwan da ya yi kore yakan wayi gari da ƙasa da haka sosai, domin tsirran cikinsa suna shaƙe iskar cikin dare. A irin wannan asuba ake ganin ƙananan kifaye sun taso suna haki a saman ruwa. Ita tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta mai kama da reshen itace wadda take shaƙar iskar sarari da ita, sai ta taso ta haɗiyi iska ta koma. Waɗannan 'yan ɓulɓul ɗin da ake gani a saman ruwa mai nutsuwa su ne ke nuna wa mai fatsa inda zai jefa.

Saboda haka abincin ƙugiyar tarwaɗa abu ne mai wari ko mai motsi, ko mai duka biyun. Tana ita ce kan gaba, amma a bazara tana tsada take yi, ba ta kuɗi ba, ta wahala: ƙasa ta bushe, ta nutsa can ciki, sai an je gindin lambu inda ake ban ruwa kullum, ko bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, a haƙa da sassafe a adana ta cikin gwangwani da jiƙaƙƙiyar ƙasa a inuwa. Wanda ya bar gwangwanin a rana awa ɗaya ya tashi a tutar babu. Hanjin kaza ya fi ta jure zafi, ya fi ta zama a ƙugiya, kuma idan ya kwana ɗaya warinsa yakan yi nisa a ruwa. Yankakken ƙaramin kifi da ƙaramin kwaɗo su ne abin da manyan tarwaɗa suka fi so, domin tarwaɗa tana girma tana ƙara komawa ga cin nama. Akwai masu sa gutsuren sabulu, kuma abin yana ci, domin kitsen da ke cikinsa yana narkewa a hankali yana jan layin wari, ga shi ƙananan kifaye ba sa tsinke shi da sauri kamar yadda suke yi wa tana. Fara ma tana aiki. Amma duk a cikinsu babu kamar shinge. Daren da ruwan farko ya sauka, shinge ya fito ya cika gindin fitilu, kifin ruwa kaf yana jiransa, kuma wanda ya tara shi a kwano ya kai bakin dam da safe ya riƙe abin da babu wani kamfani da ya ƙera irinsa.

Haɗin zaren tarwaɗa ba ya son ƙawa. Zare mai kauri, domin ba ganinsa take yi ba, kuma za ta ja shi cikin itace ko dutse. Ƙugiya matsakaiciya zuwa babba, mai ƙarfin ƙarfe. Darma kuwa gara a bar ta tana zamewa a jikin zaren, a tokare ta da ɗan ƙulli kamar taƙi biyu daga ƙugiya, yadda idan kifin ya ɗauki abincin ya ja, zaren zai bi shi ba tare da ya ji nauyi ya tofar ba. A taɓon Babura darma mai nauyi nutsewa take yi ta ja abincin cikin laka inda warinsa zai mutu, don haka can gara ƙarama, ko a sa totuwar kara ko yankin tsohon silifa a sama ya riƙe ƙugiyar dab da ƙasa. A duwatsun Roni da Gwiwa matsalar daban ce: darma tana faɗawa tsakanin duwatsu ta maƙale. Masu wayo sukan ɗaura ta da zaren da ya fi na ƙugiyar rauni, ko su ɗaura ɗan dutse a madadinta, don in ta maƙale ita kaɗai za a rasa.

Karfasa lamarinta ya bambanta, kuma ita ce take koya wa mutum haƙuri. Tana gani sarai, tana tsorata da inuwar mutum a bakin ruwa, kuma karin maganar nan da ke cewa kifi na ganinka mai jar koma kamar da ita aka yi shi. Bakinta ƙarami ne, abincinta gansakuka da ƙananan halittun ruwa da tarkacen ganye, ba farauta take yi ba balle ta bi kifin roba. Tana buƙatar ƙugiya ƙarama ƙwarai, siririn zare, da abin shawagi marar nauyi wanda zai nuna ɗan taɓin da take yi. Abincinta guntun tana, ko ƙullin fulawa, ko tuwon da aka murza ya yi danƙo. Sirrin kamunta yana wajen tara ta: a jiƙa dusa a dunƙule a jefa wuri ɗaya, a dawo gobe a sake, har ta saba da wurin. Mai yawo daga wannan gefe zuwa wancan yana jefawa yana janyewa, kamar yadda ya gani a bidiyo, korar ta kawai yake yi.

Sauran kifayen kowa da halinsa. Ƙurungu yana cin tana a ƙasa, bakinsa yana fuskantar ƙasa, kuma ƙayoyinsa uku suna kullewa idan ya miƙe su, don haka mai cire shi daga ƙugiya ya kula da tafin hannunsa. Ragon ruwa ya fi son ƙaramin kifi, da dare, kusa da dutse. Kawara a sama take yawo garke-garke, tana warce ƙwaron da ya faɗo. Gaiwa kuwa a ƙarshen bazara a fadamun da suka ƙafe ba a ruwa ma take ba: tana cikin busasshen taɓo ta lulluɓe kanta da majinar jikinta tana jiran damina, kuma mai nemanta fartanya yake ɗauka.

Wannan ba ya nufin kifin ƙarya ba shi da gurbi a ruwan Najeriya. Yana da shi, kuma abin sha'awa ne yadda ya dace. Giwan ruwa shi ne ɗan'uwan wolai a ɗabi'a, ko da yake ba danginsu ɗaya ba: mafarauci ne, yana laɓewa gindin dutse ko nutsattsen itace, yana afka wa ƙaramin kifi, kuma idonsa yana da wannan shafi mai ƙyalli, wanda duk mai haska shi da tocila da dare zai gani. Ya fi wolai girma nesa ba kusa ba, domin yana iya kusan mita 2 a tsawo. Tsage ma da ido yake farauta, yana son abin da ke walƙiya yana gudu, kuma haƙoransa suna datse zaren roba kamar almakashi, shi ya sa ake haɗa masa siririyar waya tsakanin zare da ƙugiya. Cokalin ƙarfe da kifin roba mai tangaɗi don irin waɗannan aka yi su. Amma dukansu biyu kifayen babban ruwa ne mai wadatar iska, irin Kogin Kwara da tafkin Kainji da Tafkin Chadi, ba sa jure ruwan da ya dahu ya yi kore. Wanda ya sayi kayansu, to ya haɗa da kuɗin mota zuwa inda suke. A ƙaramin dam cikin bazara abin da za a iya gwadawa bai wuce ɗan ƙaramin cokali mai walƙiya ba, da sassafe, kusa da bangon dam inda ruwa ya fi zurfi ya fi haske, ko kawara ko wani ƙaramin mafarauci zai biyo shi. Guda ɗaya ya isa gwaji. Kifin roba mai ƙugiya shida a jiki, idan aka ja shi a kan duwatsun Roni, ba ya daɗewa kafin ya zama na dam, kuma kuɗin da ya tafi da shi zai sayi ƙugiyoyin da za su kai mutum ƙarshen damina.

Ita ƙugiyar ma akwai abin sani game da ita. Kafin ta masana'anta ta yawaita maƙera ne suke lanƙwasa ta. Wadda ta mamaye kasuwannin Afirka ta fito ne daga Nowe, daga kamfanin Mustad mai tambarin makulli, wanda ya fara ƙera ƙugiya a 1877, kuma yanzu kwaikwayonta daga Asiya ya fi ta yawa a kan tebur. Lambobinta suna ruɗa sabon shiga, domin a baibai suke tafiya: lamba tana hawa ƙugiya tana ƙanƙancewa. Mai sayen ta ya manta da lambar, ya tuna bakin kifin da yake nema. Ya kuma gwada tsininta a kan farcen babban yatsa: in ta kama, tana da kaifi, in ta zame, a wasa ta ko a bar ta. Ya matsa ta da yatsa, in ta buɗe a hannu, a bakin babbar tarwaɗa ma za ta buɗe. Zaren roba kuwa, wanda ya samo asali daga nailan da aka ƙirƙiro a Amurka a 1935, babban maƙiyinsa rana ce. Ƙullin da ya shekara a rataye a bakin rumfar mai kaya ya riga ya tsufa kafin a saye shi, kuma a wurin ɗauri zai tsinke, a kan kifin da ya fi kowane girma a ranar. A jiƙa ɗaurin da miyau kafin a ja shi ya tsuke, don gogayya ba ta ƙona shi ba.

Duk wannan bayani ne na mai sanda ɗaya da zare ɗaya, kuma shi baƙo ne a ruwan. Masu ruwan su ne masunta, waɗanda su ne sana'arsu: mai kalli da ya shimfiɗa da yamma zai ɗaga da asuba, mai birgi da ke wurgawa daga jirgi, mai gura da ya jera ta a gefen ciyawa da dusa a ciki, mai koma a kan gora, da mai mamari wanda ya miƙa igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa inda ido ba ya gani. Wanda ya jefa zarensa ba tare da tambaya ba yakan kamo kayan wani, kuma rigimar da ke biyo baya ta fi kifin tsada. Ladabi shi ne a fara da gaisuwa wurin sarkin ruwa ko dattijon da ke bakin ruwan. Matashi in ya durƙusa ya ce, "Baba, ina ne ba a saka kaya ba?" amsar da zai samu yawanci tambaya ce: "Ɗana, wane kifi ka zo nema?" Wanda bai da amsar wannan, akwatinsa ko ya cika ya batse bai shirya ba.

Akwai kuma abin da ya fi aljihu nauyi a zaɓen kaya a wannan lokaci na shekara, wanda duk macen da ta fede tarwaɗa a watan Mayu ta gani da idonta: cikin cike yake da ƙwai. Tarwaɗa takan tara ƙwanta a ƙarshen bazara ta riƙe, tana jiran ruwa ya taso ya hau ciyawa. Daren da hakan ta faru sai ta shiga gefe marar zurfi ta zuba, ƙwan ya manne a ciyawa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi. Mace ɗaya mai nauyin kilo guda tana ɗauke da dubun-dubatar ƙwai. Wato makonnin da kifi ya fi sauƙin kamuwa, saboda ruwa ya matse shi wuri ɗaya, su ne makonnin da kamun nasa ya fi yi wa baɗi illa. A Minesota sun warware wannan da kalanda: ana rufe kamun wolai a tafkunan cikin jihar tun ƙarshen Fabrairu, ba a buɗewa sai ya gama zuba ƙwai, kuma a tafkuna da dama doka ta ƙayyade tsawon kifin da za a tafi da shi gida. Ƙasar Hausa ma ta san wannan hikima tun kafin takarda. A Argungu ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma girman kifin da ake fitarwa a ranar daga wannan hani yake.

Dokar tarayya ta kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, ta 1992, ta hana amfani da raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, sai ga wasu ƙananan kifaye da ta keɓe, ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. A takarda ke nan. A bakin ruwa ana ganin gidan sauro ya zama taru yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba, kuma labarin zuba maganin ƙwari a kududdufi, ko magimfa irin ta da, ba baƙo ba ne a arewa. Yana da sauƙi mai albashi ya yi tir da wannan. Amma ƙarshen bazara shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki da iri suna jira, kuma mutumin da zai ciyar da gida yau ba ya jin wa'azin baɗi da kunnen da mai fatsar nishaɗi yake ji. Laifin ya fi rataya a kan rashin wanda zai tsaya a bakin ruwa ya sa kowa ya haƙura tare, domin babu masuncin da zai ɗaga kallinsa alhali na maƙwabcinsa yana ciki.

A nan ƙugiya tana da wata daraja da raga ba ta da ita: tana zaɓe. Babbar ƙugiya ba ta shiga bakin ɗan kifi. Uwar karfasa, wadda take ɗauke ƙwanta da 'ya'yanta a cikin baki har mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin komai, ba ta kula abincin ƙugiya a wannan lokaci, sai ta wuce lafiya, alhali raga in ta kama ta sai ta tofar da su duka su mutu. Kuma kifin da aka kama da ƙugiya a leɓe yana fitowa da ransa, ana iya duba shi. Mai fatsar da ba da kifin zai ciyar da iyali ba, idan ya ɗago tarwaɗa mai kumburarren ciki mai laushi a watan Mayu, yana da zaɓin da masunci ba shi da shi. Idan ya danne ɗan haƙorin da ke bayan tsinin ƙugiyar da filaya tun a gida, cire ta ba zai yaga bakin ba, kuma 'yar filayar nan ta fi kowane kifin roba cancantar wuri a jakarsa. Mutanen bakin ruwa za su yi masa dariya, wannan tabbas ne, domin mayar da kifi ruwa ba al'adar wurin ba ce.

Lissafin bazara ba ya daɗewa. Wani lokaci a ƙarshen Mayu, wani lokaci sai cikin Yuni, hadari yakan haɗo daga gabas, ruwa ya sauko daga tuddan Roni da Gwiwa ja wur, ɗauke da ƙasar gona da tsutsa da ƙwari. Cikin dare ɗaya zurfin da aka sani ya canja, ramin da tarwaɗa ta yi watanni a ciki ya zama kango, ta koma bakin rafin da ke shigowa da cikin ciyawar da jiya shanu ke kiwo a kanta. Darma mai nauyi ta tashi daga aiki, sai gajeren zare da totuwa da shinge, a ruwan da bai kai gwiwa ba. A fadamun Babura gaiwa takan fasa taɓonta ta fito. Yawancin masu fatsar kuwa a wannan mako ba sa bakin ruwa, suna gona da sungumi.